Fetur ko batir: wane inji ya dace da ƙaramin jirgin shaƙatawa a Kumasi?

Matasa daga Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi suna yawan kawo wannan tambaya, musamman waɗanda suka je Kwahu lokacin Ista suka ga masu lema suna tashi daga dutsen Odweanoma, ko suka ga bidiyon mutum goye da farfela yana shawagi a kan gonaki. In mutum ya yi niyyar shiga harkar da kuɗinsa, na fetur zai nema ko na caji?

Gara mu faɗi matsayinmu tun yanzu. Ga mafi yawan masu tashi a Gana, fetur ne ya fi dacewa a yau. Lantarki yana da gurbinsa, gurbi mai kyau ma, amma ƙarami ne, kuma ya kamata mutum ya tabbatar yana cikinsa kafin ya biya. Ba ƙarfin inji ne ke raba gardamar ba, domin a wajen ƙarfi kowanne ya isa. Abin da ke raba ta shi ne minti nawa za su rage maka a sama bayan ka cire na ko-ta-kwana, sannan wa zai gyara maka in abu ya lalace.

Jirage iri uku muke magana a kai. Akwai faramota, wato lema mai inji da ake goyawa a baya. Akwai ƙaramin jirgi mai kujera biyu wanda nauyinsa da komai da komai bai wuce kilo 600 ba. Sai jirgi mai dogon fukafuki da ke hawa da iska mai ɗumi, wanda ba ya buƙatar inji sai lokacin da iskar ta ƙi.

Lissafin da ba a kauce masa

Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya kai yunit 12 na wuta, irin yunit ɗin da ake saye a mitar kamfanin wuta na ECG. Injin fetur mai kyau ba ya mayar da fiye da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na wannan zuwa juyin farfela. Sauran yana tafiya a zafi da hayaƙi. Ke nan kilo ɗaya yana ba ka aikin da ya ɗan haura yunit 3. Shi kuwa injin lantarki kusan kashi 90 cikin 100 yake mayarwa, ɓarnarsa kaɗan ce. Matsalar tana wajen batir. In aka haɗa ƙwayoyin da akwatinsu da wayoyi da abin sanyayawa, kilo ɗaya na batirin jirgi bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na yunit ba, galibi ma bai kai ba. In ka raba, za ka ga kilo ɗaya na fetur yana aikin kusan kilo 20 na batir. Jarka ɗaya mai lita 20 nauyin manta kusan kilo 15 ne, to madadinta batir ne mai nauyin buhun shinkafa shida masu kilo hamsin-hamsin.

Masu sayar da na lantarki za su ce ai injinsu ya fi sauƙin nauyi. Gaskiya ne. Babu silinda, babu salansa, babu kafireto, babu tankin baƙin mai. Amma wannan rarar kilo goma ce ko arba'in, gwargwadon girman jirgin, kuma mintunan farko na batir suke cinye ta. Daga nan duk mintin da ka ƙara, nauyi ka ƙara. Ga kuma wani abu da ake mantawa: mai fetur yana raguwa da nauyi yana tafiya, mai batir kuwa yadda ya tashi haka zai sauka, ko da batirin ya kusa mutuwa.

Misali mafi tsabta shi ne jirage biyu na kamfanin Pipistrel na ƙasar Sulobeniya, domin gangar jikinsu kusan ɗaya ce. Velis Electro shi ne jirgin lantarki na farko da hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta ba cikakkiyar takardar amincewa, a watan Yuni 2020. Injinsa kilowat 57.6 ne, wato ƙarfin doki kusan 77. Batir biyu gare shi, jimillarsu yunit 24.8, ana sanyaya su da ruwa. Nauyinsa babu kowa a ciki kilo 428, iyakarsa kilo 600, saura kilo 172 na mutane da kaya. Kamfanin ya ce yana yin minti 50 a sama, ban da na ajiya. Ɗan'uwansa Virus SW 121 yana da injin Rotax mai doki 100 da tanki mai lita 100. Nauyinsa babu kowa kusan kilo 350 ne. Ka cika tankin fal, abin da zai rage na mutane ya yi kusa da na Velis, amma shi zai yi wajen awa biyar a sama.

A aikace ga abin da hakan ke nufi. Daga Kumasi zuwa Akra ta sama kusan kilomita 200 ne. Na fetur zai je ya dawo da tanki ɗaya, da saura. Na lantarki ba zai isa ba ko tafiya ɗaya, kuma babu wurin da za a tsaya a hanya a yi caji. Sannan in malamin tuƙi da ɗalibinsa kowanne ya kai kilo 90, sun riga sun haura kilo 172 tun ba su ɗauki ko gorar ruwa ba. Ba laifin jirgin ba ne. An ƙera shi ne don ɗalibi ya tashi, ya zagaya fili, ya sauka, ya sake tashi, kuma a wannan aikin ya iya.

Inda batir ya fi samun bakin magana

A faramota ne tazarar take raguwa sosai. Injin da aka fi sani a wannan fanni shi ne Moster 185 na kamfanin Vittorazi na Italiya: silinda ɗaya, bugu biyu, doki 25, nauyi kusan kilo 14. Yana shan lita 3 zuwa 4 a awa in ana tafiya a daidai, ya fi haka in matuƙin mai jiki ne ko lemar ƙarama ce. Da tanki mai lita 10 ko 12 mutum zai yi awa biyu da rabi zuwa uku. Na lantarki, irin SP140 na kamfanin OpenPPG a Amurka, batiransu suna tsakanin yunit biyu da rabi zuwa biyar. Tafiya a miƙe ba hawa tana cin kilowat 4 zuwa 5, hawa da cikakken ƙarfi kuwa yana ninka wannan sau uku ko huɗu. Don haka babban batir zai ba ka tsakanin minti 40 da awa ɗaya, ƙarami kuma rabin haka. Duk adadin da ka gani a talla, ka ɗauka an auna shi ne da siririn matuƙi da lema mai faɗi a iska mai sanyi.

To me ya sa muka ce yana da bakin magana? Saboda faramota ba a tashi da ita da rana tsaka. Da zarar ƙasa ta ɗau zafi iska tana fara tashi tana murɗawa, lema kuma tana iya naɗewa. Lokacinta shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. Wanda ya idar da asuba ya nufi fili, minti arba'in ɗin nan sun kusa cika masa buƙata. Ba jan igiya, ba jiran inji ya yi ɗumi, ba warin fetur a but ɗin mota, ba girgizar da ke kwance kusoshi. In ka saki maƙura, wato abin da ake matsawa don ƙara wa inji ƙarfi, injin tsayawa yake cak, ka ji iska kaɗai, in ka matsa ya amsa nan take. Ƙara ma ta ragu, ko da yake kada a yaudare ka da cewa shiru yake: yawancin ƙarar faramota daga farfela take fitowa, ita kuwa tana nan.

Abin da za ka biya shi ne nauyi a ƙafa. Na fetur da rabin tanki bai cika wuce kilo 30 ba. Na lantarki da babban batir yana kai wa kilo 35 ko fiye, kuma da shi za ka yi gudun tashi, da shi za ka dira. Mai ciwon gwiwa ko baya ya yi tunani, ko ya nemi mai taya.

Jirage masu dogon fukafuki ba mu da su sosai a nan, don haka a taƙaice: a wajensu lantarki ya riga ya ci. Ƙaramin inji a hanci da farfela mai naɗewa, batir na kusan yunit huɗu, kuma yana tashi cikin daƙiƙa lokacin da aka fi buƙatarsa. Injin fetur da ya yi awa uku a kashe cikin sanyin sama ba kullum yake amsawa ba.

Zafi, laima da ƙurar hunturu

Iska mai zafi ba ta da kauri. Filin jirgin Kumasi yana kan tudun da bai kai mita 300 ba, amma ranar da zafi ya kai digiri 33, kamar yadda ake yi a Fabrairu da Maris, jirgi yana ji ne kamar yana tashi daga tudu mai ƙafa dubu uku da ɗoriya, wato kusan mita dubu ɗaya. Injin fetur mara turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu, ke nan mai doki 100 ya koma mai doki 90. Injin lantarki ba ya shaƙar iska, ƙarfinsa ba ya raguwa da wannan. Sai dai farfela da fukafuki duk a iska ɗaya suke aiki, don haka gudun tashi yana ƙara tsawo ga kowa.

Zafin da ya bar injin lantarki, a kan batir yake hucewa. Ƙwayoyin lithium ba a cajinsu in sun haura digiri 45, kuma wajen aiki iyakarsu kusan digiri 60 ce. Batirin da ya fara tafiya daga digiri 35 saboda ya kwana a ɗaki mai rufin kwano, ko ya yi awa ɗaya a but, ratar da ta rage masa kaɗan ce. In ya kusa iyaka na'urar sarrafawa tana rage ƙarfi da kanta don kare shi, kuma hakan ya fi faruwa ana tsakiyar hawa, lokacin da ba a so. Bayan sauka ma ba a haɗa shi da caja nan take, sai ya huce. Mafi muni shi ne tsufan ajiya. Batirin da aka bari a cike cikin zafi yana rasa ƙarfi ko ba a taɓa shi ba. In zai kwana fiye da biyu ko uku ba aiki, a bar shi tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, a wuri mafi sanyi a gidan, a cika shi daren da za a tashi da safe.

Laima kuwa kowa tana taɓawa. Mutane suna mamaki in aka ce ƙanƙara tana iya kama kafireto a Kumasi, amma haka ne. Fetur yana ƙafewa a maƙogwaron kafireto ya sauke zafin wurin da digiri ashirin ko fiye, in iska na da ruwa sai ya daskare ya toshe hanya. Safiyar damina mai raɓa, inji yana tafiya da ƙaramin ƙarfi wajen saukowa, wannan ne lokacinsa. Alamarsa juyi ya riƙa raguwa a hankali, inji ya fara tari. A ɓangaren lantarki laima tana cin mahaɗan wayoyi. Mahaɗin da ya yi tsatsa yana ɗaukar zafi in babbar wuta ta bi ta cikinsa, har ya narkar da robarsa. Masu tashi a bakin teku wajen Prampram ko Ada su ninka kula, gishirin iska ya fi sauri.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana toshe matatar iska, inji ya riƙa shan mai fiye da kima. Wanke matata aiki ne na minti goma. Babbar matsalar hazo ba ta inji ba ce, ta ido ce: in ba ka ganin ƙasa da nisa, ba a tashi, ko wane inji gare ka.

Yadda kowanne yake cin amana

Injin fetur ya fi yawan lalacewa, amma galibi yana yin gargaɗi, kuma yawancin dalilan suna hannun mai shi. A faramota na farko shi ne gauraya mai. Ana zuba man bugu biyu mai inganci kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100, bisa abin da littafin injin ya ce na irin man: a kashi 2.5, mililita 250 ke nan a lita 10. A auna da kofin awo, kada a yi da ka. Kada a yi amfani da gaurayen man masunta na kwalekwale, ba don wannan inji aka yi shi ba. Gaurayen da ya yi makonni a jarka a ba babur ko injin yankan ciyawa. Na biyu shi ne saitin kafireto. In aka matse kusar mai don neman tsimi, inji yana ƙara kuzari na ɗan lokaci, sannan zafi ya hau, fistin ya kama ko ya huje. Kalar fulogi tana faɗa: ruwan ƙasa lafiya, fari-fari haɗari. Sauran su ne fatar cikin kafireto da ke bushewa, bel ɗin farfela da ke saki, da sifirin na salansa da girgiza ke karyawa. In sifirin ya faɗa cikin farfela, ita ma ta tafi, shi ya sa ake ɗaure su da waya.

Rotax 912 na ƙasar Ostiriya wani mataki ne daban. Silinda huɗu, bugu huɗu, fulogi takwas da tsarin wuta biyu, kuma kamfanin ya ba shi awa 2,000 ko shekara 15 kafin babban gyara. Tsohon mai bugu biyu na kamfanin, wato 582, awa 300 ne nasa. Wannan tazarar kaɗai ta isa dalilin zaɓen mai bugu huɗu in za ka ɗauki mutum. Alherinsa gare mu shi ne fetur ɗin mota yake so, ya ma fi masa man jirgi mai dalma. Mai doki 80 yana karɓar fetur mai lambar inganci RON 90 zuwa sama, mai doki 100 kuwa sai RON 95, don haka a gidan mai sai ka tabbatar da famfon da aka zuba maka. Yana shan lita 15 zuwa 18 a awa. Ana canza baƙin mai da matatarsa duk awa 100, ko awa 50 in ana yawan sa mai dalma. Duk robobi da tiyo ana canza su bayan shekara biyar ko da sun yi kama da sababbi. Kafin a duba baƙin mai ana juya farfela da hannu, wuta a kashe, har a ji tankin ya yi gyatsa, in ba haka ba sandar awo ƙarya za ta yi. Ba a tashi sai baƙin mai ya kai digiri 50. Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu masu yawo a kan mai cikin kowane kafireto. In sun sha mai suka yi nauyi sai kafireto ya yi ambaliya. Ana auna su a sikeli, in biyun sun haura giram 7 a canza.

A nan ƙasar abin da ya fi kashe injin fetur a sama shi ne man kansa: ruwa, datti, ko tsufa. A saya a gidan mai da ke da ciniki, a tace da mazurari mai raba ruwa, a tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba kafin kowane tashi a duba. Ruwa yana kwanciya a ƙasa, ana ganinsa.

Na lantarki bai cika lalacewa ba, amma in zai yi ba ya sallama. Waya ɗaya ta saki, ko na'urar kula da batir ta ga ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa da iyaka, sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. A watan Agusta 2019 wani jirgin lantarki na Pipistrel mai suna Alpha Electro ya rasa ƙarfi a Norway ya sauka cikin tafki. Mutane biyun da ke ciki sun tsira. Akwai kuma yaudarar ma'auni. Lita biyun ƙarshe na tanki ƙarfinsu ɗaya da biyun farko. Batir ba haka yake ba: yana kusa da ƙarewa ƙarfin wutarsa yana sauka, in ka nemi cikakken hawa a kashi 15 cikin 100, misali ka fasa sauka kana so ka sake zagayowa, ba lallai ka samu ba. Shawararmu ita ce ka ɗauki kashi 30 cikin 100 a matsayin sifili. In ka cire wannan daga jimillar mintunan da batirinka ke bayarwa, ka ga abin da ya rage.

Wannan yana da nauyi musamman a kewayen Kumasi. Ƙasar Asante kurmi ce da gonakin koko, wurin saukar gaggawa kaɗan ne. Tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 kudu maso gabas da gari, yana jan hankalin kowa, amma tuddai ne suka kewaye shi, kuma faɗawa ruwa da inji a goye yana daga cikin abubuwan da suka fi kashe masu faramota. Filayen da ke gabas da Akra, zuwa wajen Kpong da Ada, sun fi yafiya.

Sai wuta. Fetur yana ci, kowa ya sani, kuma abin kashe gobara mai hoda yana maganinsa in an yi sauri. Batirin lithium in ƙwaya ɗaya ta kama, zafinta ke kunna ta kusa da ita, haka har akwatin ya ƙare. Hodar kashe gobara ba ta tsayar da shi, sai ruwa mai yawan gaske don sanyayawa, kuma yana iya sake tashi bayan awanni. Hayaƙinsa guba ne. A 2017 batirin wani jirgi mai dogon fukafuki ya kama wuta wajen sauka a Ingila, matuƙin ya fita lafiya. A gidan haya na zango, inda ɗaki ke manne da ɗaki, ba a cajin irin wannan batir a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar fita, ko a bar shi ana barci. Batirin da ya sha faɗuwa mai ƙarfi, ko ya kumbura, ko yake wani wari, an gama da shi.

Abu na ƙarshe a nan: farfelar lantarki ba ta da alamar cewa a kunne take. Injin fetur in yana aiki kowa na ji. Na lantarki yana tsaye shiru, yaro ya taɓa maƙura, farfela ta tashi da cikakken ƙarfi. Kada a haɗa batir sai an goya, kuma a cire shi da zarar an sauka. Wutar faramota tana kai wa bolt 100, ta Velis bolt 345 ce. Ba wurin gwajin mai gyaran rediyo ba ne.

Caji, kayan gyara da kuɗi

Soket ɗin gida na bolt 230 da amfiya 13 iyakarsa kusan kilowat 3. Ga faramota ya isa: caja mai kilowat ɗaya da rabi za ta cika batirin yunit huɗu cikin kusan awa uku, in dumso, wato ɗauke wuta, bai shigo ba. A sa abin kare caja daga tsallen wuta, domin lokacin da aka maido wuta ne take ƙona kaya. Faranti na sola masu kilowat ɗaya suna ba da kusan yunit huɗu a rana mai kyau, wato tashi ɗaya. Ga jirgi mai kujera biyu maganar ta sauya. Kafin ya yi caji cikin awa ɗaya zuwa biyu sai da layi mai fuska uku da caja ta wajen kilowat 20. Filin ciyawa a bayan gari ba shi da wannan, in kuma da babban janareto za ka yi, to ka koma sayen mai ta bayan gida.

Wajen gyara, injin faramota ɗan'uwan injin babur ne da na yankan katako. Makanike mai hankali a Magazin na Suame, unguwar masu gyaran motoci a Kumasi, zai gane fistin da zobe da kafireto, in dai aka ba shi littafin injin kuma ya yarda ya ɗaure kusoshi da ma'aunin ƙarfi, ba da jin hannu ba. Kayan ƙanana ne, ɗan'uwa mai dawowa daga Italiya ko Jamus zai saka su a jaka. Rotax kuwa sai wanda ya yi horonsa, amma ba baƙo ba ne a Gana: a filin Kpong an harhaɗa ƙananan jirage masu wannan inji, a can ne wata 'yar Gana mai suna Patricia Mawuli ta koyi aikin har ta samu lasisin tuƙi a 2009.

Batir ba ya shiga jaka. Fasinja ba ya hawa jirgi da batirin da ya wuce wat-awa 100, ko 160 in kamfanin ya amince. Na faramota mai yunit huɗu, wato wat-awa 4,000, ya ninka iyakar 160 ɗin sau 25. Sai dai a turo shi a matsayin kaya masu haɗari, galibi ta ruwa zuwa Tema, da takardunsa da kuɗinsa da jiransa. In ya samu matsala cikin garanti, mayar da shi ya fi kawo shi wuya. Mu a ganinmu wannan kaɗai ya fi duk sauran dalilai nauyi.

Kuɗin awa ɗaya a sama, in wuta da mai kawai za a duba, lantarki ya yi nisa: yunit biyar a kan lita uku da rabi haɗe da man gauraya, ko yunit ashirin da wani abu a kan lita 16. Kowa ya saka farashin yau na sidi ya gani. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Batir shi ne man da ka biya tun gaba. Irin ƙwayoyin da ake sawa a ciki sukan sauka zuwa kashi 80 cikin 100 bayan cikakken caji 300 zuwa 500, kuma shekaru suna cinsu ko da amfani ko babu. Makarantar da ke tashi sau biyar a rana za ta ci moriyar batirinta kafin ya tsufa. Mai tashi sau ɗaya a mako zai yi caji hamsin a shekara, zafi ya cinye sauran. Ka raba kuɗin sabon batir, har da jigila da kwastan, da awannin da za ka yi da gaske cikin shekara biyar, ka ɗora a kan kuɗin wuta, sannan ka kwatanta.

Saboda haka wanda yake son zuwa wani gari, ko ɗaukar mutum, ko yana da niyyar tashi a wurare daban-daban inda jarka ce kawai za ta bi shi, ya ɗauki fetur, mai bugu huɗu in jirgi ne mai kujera. Wanda ya riga ya iya lema, yana da fili ɗaya kusa da gida, da wuri mai sanyi da aminci na ajiyar batir, kuma rabin awa zuwa minti arba'in sun ishe shi, zai ji daɗin lantarki ƙwarai. Sabon shiga ya koya da irin injin da malaminsa ya sani. Kuma kafin a tura ko sidi ɗaya, a fara zuwa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Gana a ji sharuɗɗan rajista da lasisi da wuraren da aka yarda a tashi, domin sararin da ke kewaye da filayen jirgin Kumasi da Akra ba a shigarsa sai da izini.

In na hannu za ka saya, injin fetur ana iya bincikensa a rana ɗaya: a auna matsin silinda, a cire salansa a leƙa fistin ko yana da zane, a duba littafin awanni. Batir kuwa kada ka yarda da abin da allo ya nuna. A cika shi, a sauke shi a gabanka da ma'aunin da ke ƙirga yunit ɗin da ya fita, a kwatanta da abin da aka rubuta a jikinsa. Sannan a duba wutar kowane rukunin ƙwayoyi lokacin da yake ƙarƙashin aiki. In rukuni ɗaya yana faɗuwa ya bar sauran, a kansa na'urar za ta yanke wuta, ko da sauran suna da rabin caji. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji, ka yi cinikin firam da inji kawai, ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka.